Wutsiyar kifin da ta tafi Bobigny

Shekarun baya, ina ɗalibi a Villeurbanne, kusa da birnin Lyon, na samu aikin Juma'a da Asabar a wani shagon kifi a La Guillotière, wata unguwa a cikin Lyon. Ni ɗan mahauta ne daga Maradi, tun ina lakwal, wato makarantar boko, nake riƙe wuƙa. Ranar farko da mai shagon ya ga hannuna sai ya daina tsayawa a kaina. Kifin teku ban san shi ba, amma na ɗauka ai duk nama ne, kuma ni ba mai yawan tambaya ba ne.

Wata Juma'a aka kawo mana jan kifin tuna guda, ya fi ragon layya girma. Ƙanen mai shagon ne ya kamo shi da ƙaramin jirginsa can kudu. A wutsiyarsa akwai wani zobe na roba mai lamba. Na gan shi sarai, na ɗauka irin igiyar da ake ɗaura wa dabba ce a kasuwa. A gidanmu wanda ya yi fiɗa yana da rabonsa, ba sai ya roƙa ba. Don haka na sare wutsiyar har da nama mai kauri, na sa a leda da ƙanƙara. Kawuna ya zo Lyon wani taro, zai koma Paris ranar. Na raka shi tasha, na damƙa masa ledar ina jin kaina babba, na ce tsarabar iyali ce.

Washegari da safe wata mata mai duba kayan abinci ta shigo da takardunta. Ta ga ragowar tunan, ta nemi zoben. Mai shagon ya duba firiji, ya duba ƙarƙashin tebur, sannan ya dube ni. Da na faɗi inda wutsiyar take, sai da ya nemi kujera.

Matar ta ba mu zuwa Litinin. Bayan ta fita ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. Ƙasashen duniya ne ke zama su yanke yawan tunan da za a kama a shekara, su raba wa kowace ƙasa kasonta, ita kuma ta raba wa jiragenta. Manyan jirage su kwashi mai tsoka, irin su ƙanensa su samu ɗan abin da ya rage. Kowane kifi da zobensa, wanda ba shi da shi kuwa na sata ne a idon hukuma. Ya ce bincike zai bi takarda har jirgin ƙanensa, kuma zai iya rasa izinin kamun da ya yi shekaru yana jira kafin ya samu. Kunya ta kama ni, amma ban tsaya ba da haƙuri ba, na ce Litinin zoben zai kasance a hannunta.

Na kira kawu. Sai da ya tambayi gajiya, karatu da sanyi kafin na samu bakin magana.

"Kawu, wutsiyar nan tana nan?"

"Wace wutsiya? Ai Hajiya ta gyara kihin tun jiya, mun ci mun sa maka albarka. Mi ya hwaru?"

"Akwai wata roba jikinta."

"To ɗana, roba kuma ai sai pubel, cikin shara."

Na hau jirgin rana zuwa Paris. A Bobigny, inda kawu yake zaune a gefen birnin, na tarar an riga an sauke sharar gidan cikin manyan kwandunan bene, na mutane sama da yadda zan iya ƙirgawa. Kawu, mutumin da ke aiki a babban ofis, ya tsaya da babbar rigarsa yana riƙe mini murfi, yana gaisa da maƙwabta kamar ba komai. Ni kuwa na naɗe hannun riga. Wanda ya girma yana wanke hanji, shara ba ta ba shi tsoro. A leda ta ban san ko nawa ba na ga zoben, manne da ɓawon albasa.

Litinin matar ta gwada lambar da ta takarda, ta sa hannu, ta tafi. Ba a kore ni ba.

Bayan wata biyu ƙanen ya zo Lyon, na shirya shan faɗa. Sai ya ce shi ba ya ƙin dokar, ya ga lokacin da kifin ya kusa ƙarewa, ya kuma ga dawowarsa. Rabon ne bai yi masa ba. Ya ce, "Ranar da zobena na ƙarshe ya ƙare, jirgina sai ɗauri, ko da tuna na tsalle a gabana."

Har yau ina alfahari da sana'ar gidanmu, kuma ban daina yarda da hannuna ba. Abin da na daina shi ne ɗauka cewa abin da ban gane ba ba shi da amfani. Na kusa raba mutum da sana'arsa ba tare da na taɓa ganin fuskarsa ba, kuma a lokacin ina ganin alheri nake yi.