Damin Gero Don Lafiyar Kare

Shekarar da uwata ta rasu, gidanmu na Madarunfa ya rage daga ni sai kare. Ƙannena sun tafi cin rani Nijeriya, ba su dawo ba. Karen ja ne, kunnensa ɗaya a tsage, a bakin ƙofar ɗakina yake kwana. Maƙwabta ba sa son ya matso kusa da tabarmarsu, ni kuma ba na iya barin shi a ɗaure, sai zaman hira ya yanke mini.

Ni mutum ne mai yawan zullumi. In ya rage tuwo a kasko, sai nawa ya ƙi shiga. In duba idonsa, in taɓa hancinsa, in ɗaga ƙafarsa ina neman ƙaya. Abin da ke ci mini rai guda ne: ranar da ciwon gaske ya zo, wa zan kira?

Na fara da malamin dabbobi da ke zuwa daga Maraɗi yi wa shanu allura. Na jira har ya gama, na gaishe shi da ɗan Faransancin da na samu a lakwal, makarantar boko.

"Mushe, in na riƙa ba da wani abu duk shekara, za a duba mini karena in ya kwanta?"

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "Abokina, maganin shanu ma bai ishe mu ba. In ya kwanta ka sa shi a kamiyo ka kawo, in direba ya yarda."

Na san babu direban da zai yarda.

Sai aka kwatanta mini wani tsohon maharbi a hanyar Gabi, mai karnuka da yawa, wanda ya san saiwoyi. Ya buɗe bakin karen, ya matsa cikinsa, ya ce:

"Damin gero duk kaka, ko ya yi ciwo ko bai yi ba. Tsutsa, kaska, saran maciji, duk nawa ne. Amma in rani ya yi zai bi ni farauta. Haka nake yi da kowa."

"Baba, in wani abu ya same shi a daji fa?"

"Ba ga ni ba? Ɗana, kai ciwo tsoro, mai magani ma tsoro."

Na daɗe ina juya maganar, sai gab da shuka na kai damin. Da damina kuwa maciji ya sari karen a bakin tafki. Tsohon ya zo cikin ruwan sama, ya tsaga wurin, ya ɗura masa jiƙo, ya zauna har kumburin ya saɓe. Bai karɓi komai ba.

Da rani ya yi, tsohon ya zo ya tafi da shi. Na riƙa zuba tuwo a kasko da mantuwa, kaji su cinye. Karen ya dawo da ƙarfi, gashinsa na sheƙi, amma ko a kwance kunnensa na wajen hanyar Gabi. Rani na gaba bai jira an zo ɗaukarsa ba. Daga nan can ya koma kwana.

Duk kaka ina kai damin. Wata shekara tsohon ya ce, "Ka bar wahala, ɗana, ai karen ya zama namu."

Na ce a'a, alkawari ne. Ban iya gaya masa cewa in na daina, babu dalilin da zai sake kawo ni ba.

Karen ya yi mini rakiya har wajen wata tsamiya, ya tsaya ya dube ni, ya juya. Lafiyarsa ƙalau, ko ɗingishi babu. Na bi shi da kallo don in tabbata, sannan na kama hanyar gida.