A Bayan Tirela Mai Alamar Fanka

Da idar da sallar asuba muka tashi daga Greenbelt, ni da kawuna da yayata, wadda cikinta ya tsufa. Manufarmu ita ce wata gona a kudancin Maryland, inda ake sayar da ragunan layya. Yaya ta dage sai ta bi mu, don a faɗarta bara mun kawo rago mai ƙaho babu nama.

Muna hawa Beltway, babbar hanyar da ta kewaye Washington, ruwa ya kece. Kawu ya daɗe yana tuƙi tsakanin Kano da Kaduna kafin ya zo ƙasar nan, kuma yana da ƙa'ida: idan hanya ta rikice, direba mai hankali ya sami babbar mota ya lafe a bayanta, ita za ta tsaga masa ruwa, ta kuma fara faɗawa rami. Haka ya zaɓi wata tirela da ke tafiya a natse, ya manne mata.

Na jima ina nazarin kayanta. Wata tukunyar ƙarfe ce jibgegiya, an ɗaure ta tamau. Sai da cunkoso ya tsayar da mu dab da ita na ga alamar da ruwa ya ɓoye: kunnuwa uku baƙaƙe kamar na fanka, a kan rawaya. Na san ta tun ɗakin gwaje-gwaje na jami'a.

Na ce, “Kawu, da alama sharar nukiliya muke bi tun ɗazu.”

Ya ce, “Shara? Ai ban ji wari ba.”

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta dafa cikinta ta ce, “Auta, kada ka yi mini lacca. Ya taɓa yaron ko bai taɓa ba?”

Na gaya mata iyakar sanina. Tururin da irin wannan kaya ke fitarwa ba a ganinsa, ba a jin warinsa. Ana killace shi da ƙarfe mai kauri, wani lokaci har da dalma, amma ɗan kaɗan yakan ratso. Wannan kaɗan ɗin yana raguwa da nisa, yana taruwa da daɗewa. Wanda ya wuce bai kwashi abin kirki ba. Wanda ya fi ɗiba shi ne wanda ya tsaya kusa ya jima. Ina rufe baki na lura cewa mu na siffanta. Na ƙara da cewa ko hakan ma, a zatona, bai kai abin tsoro ba, amma zato ne.

Kawu ya ja baya har na bayanmu suka dame mu da hon. Kusa da garin Upper Marlboro muka rabu da tirelar.

Daga nan ƙasa ta buɗe: tsofaffin rumbunan taba, da rumfunan kabewa a bakin titi, kabewar da aka ce ba miya ake yi da ita ba, fuska ake sassaƙa mata. Manomin ya karɓe mu da fara'a, farashinsa kuwa babu fara'a. Yaya ce ta zaɓi rago, amma ƙosan da ta soya mana ba ta taɓa ba. A hanyar dawowa na riƙa duban gidajen da ke jingine da titi, ina tambayar kaina sau nawa irin wannan tukunya ke wucewa ta ƙofarsu ba su sani ba.

Da la'asar muka iso gida. Yaya ta buga wa likitarta waya ta zayyana mata komai, aka ce ta kwantar da hankalinta. Sai a lokacin ta nemi ƙosai.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, dabarar da ta tsare mutum a wata hanya tana iya kai shi ga abin da yake gudu a wata. Kawu bai yar da ƙa'idarsa ba, gyara ya yi mata. Washegari, a hanyar masallaci, ya hango wata tirela, ya rage gudu ya ce, “Auta, karanto mini bayanta tukuna.”