Masu Tausayin Usta Shafik

Usta Shafik ɗaura wa gilasan kyamara aure yake yi, haka shi da kansa yake faɗa. Ka kawo masa tsohon gilashin Rasha da ka tsinto a kasuwar Juma'a, da sabuwar kyamararka ta Japan wadda ba ta taɓa jin labarinsa ba, sai ya zauna gaban injinsa ya feƙe zoben tagulla da zai haɗa su. Shekara arba'in yana wannan sana'a a wani lungu na Manshiyya, nan Iskandariyya, cikin shagon da mutum biyu ba sa iya juyawa sai ɗaya ya fita.

Aikin ba ya son kuskure. Zobe ya ɗara kauri da silin gashi, kyamara ta daina ganin nesa. Shi ya sa in ya gama yake hawa rufin bene, ya saita ta a kan jiragen da ke tashar ruwa, ya sauko ya ƙara gurzawa. Ga baki kamar reza. Ranar da na fara zuwa, ina sabuwar mai ɗaukar hoton biki, ya juya gilashina ya ce, "'Yata, wannan da shi aka daka tafarnuwa ko?" Amma ya gyara, kuma da shi na yi suna.

Bara aikinsa ya fara kaucewa. Zoben da ya yi mini, amarya a kusa tana fita fes, amma in tana can ƙarshen zaure sai ta zama hazo. Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani. Mu masu kawo masa aiki duk mun gane, muka yi gum. Wa zai faɗa wa Usta? Ni dai sai na riƙa matsawa kusa da amare kamar mai son bin su ɗaki.

Matarsa, Sitt Afaf, ita ta ja shi wajen likita, ita kuma ta ba ni labarin tana dariya har da hawaye.

Likita ya ce, "Abu mai sauƙi, Baba. Mu cire gilashin idon da ya dushe, mu sa maka na roba."

"Ƙirar ina? Da me za ka auna? In ya ɗara fa?"

"Ba ya ɗarawa."

"Duk wanda ya ce ba ya ɗarawa bai taɓa yin aikin ba. Afaf, ɗauko jakarki!"

Sau biyu yana guduwa. Mutumin da ya cusa gilasai dubu a jikin da ba nasu ba, ga shi yana tserewa don an zo kan nasa. Tsoro ne na gaske, don ya san wannan ba a hawa bene a sauko a ƙara gurzawa. A karo na uku Sitt Afaf ta ɓoye makullin shago, ya miƙa wuya aka yi masa aikin.

Bayan mako uku ya kira ni, ya ce in zo da kyamarata. Na tarar da shi yana cin wake da burodi, yana ƙorafin ashe bangon shagon ya yi datti haka ba wanda ya gaya masa. Ya goge hannu, ya karɓi kyamarar ya hau sama. Ya daɗe bai sauko ba.

"Narmin, wata nawa kina aiki da wannan zoben?"

"Goma sha ɗaya, Usta."

"Kuma kin sani?"

Kunya ta kama ni, na ce, "Tausayinka na ji."

Ya kwance zoben a hankali ya jefa shi cikin gwangwanin tarkace.

"Da zagina kika yi, 'yata, da na gode miki." Ya ɗauko sabuwar tagulla ya ɗaure a inji. "Zauna nan. Su wa da wa kuma suka ji tausayina? Faɗa mini sunayensu, kada ki tsallake ko ɗaya."