Injuna a Ƙofar Malam Muttaka

Ni na raɗa masa suna Gajere, kuma har yau ban ba shi haƙuri ba. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka ina da izinin tsokanarsa har haƙoranmu su zube. Sunansa na yanka Muttaka, sunan kakansa na wajen uba, shi ya sa duk matan gidansu ba mai iya kama sunan, balle Inno mahaifiyarsa, da abin ya haɗe mata biyu, ga sunan suruki ga ɗan fari. Muna 'yan shekara bakwai ya zo wurinmu Birnin Tudu, muka shiga gona, ya ɓace a cikin ciyawar da ni iyakarta ƙirjina. Na dawo gida ina cewa Gajere ya ɓata. Da labarin ya kai gidansu, matan nan suka cafe sunan kamar da ma jira suke yi.

Sai Allah ya nuna min iyakata. Yana shekara sha shida ya fara miƙewa, bai tsaya ba sai da ya wuce kowa a danginmu. Yau babu ƙofar da yake shiga a Talata Mafara bai sunkuya ba. Amma sunan ya ƙi tashi. In aka kira shi sai ya haɗe fuska ya ce, "Sunana Muttaka." A ce masa, "To, mun ji, Gajere."

Shekara sha huɗu ya yi a Kaduna yana gyaran janareta da injin ban ruwa a ƙarƙashin wani oga. Da babansa ya rasu, ƙafafun Inno kuma suka fara ba ta wahala, ta rantse ba mai ɗaga ta daga ɗakinta, sai ya kwaso matarsa Humaira da yara ya dawo gida. Ya kama rumfa a bayan masu albasa a kasuwar Mafara. Ko allo bai kafa ba, wai aikinsa ne zai yi masa talla.

To aikin sai an kawo ake yi. Manomin rani a madatsar ruwan Bakolori ba ya miƙa injinsa ga wanda bai gwada ba, don in inji ya kwana uku bai tashi ba, albasa ta fara sallama. Kowa yana da tsohon bakanikensa. Waɗanda suka san Gajere kuwa, yaron da ya ɓace a ciyawa suke tunawa. Shekara guda cur yana zaune, daga mai kawo tocila sai mai kawo fanka. Ni kaina, Allah na tuba, sai da na yi wata shida kafin na ba shi nawa injin.

Wata rana ya ce min in ranin nan ya ƙare a haka zai koma Kaduna, ogansa yana ta kira. Bai gaya wa Inno ba. Ita ma ba ta tambaya ba, amma ta ga Humaira ta sauko da babbar jakar tafiya ta shanya a tsakar gida, tun daga ranar ta rage cin abinci. Abin ya dame ni ƙwarai, don gwaggona ce, kuma na san ba ta da wani ɗa namiji sai shi.

A cikin wannan hali ne Yasir ya zo gonata. Malamin gona ne a Bakura, yana da wani shiri da yake kira Hira a Kan Kunya. Fodkas ake ce wa irinsa, wato hira ce kamar ta rediyo, sai dai a waya ake ɗauka a waya ake ji, manoma suna tura wa juna. Ni ya zo yi wa tambayoyi a kan ajiyar albasa. Na gyara hula, na gyara murya, ina cikin zuba bayani sai ga Gajere ya tsaya a kanmu ya karkata kai wajen injina da ke aiki a bakin ruwa.

"Inuwa, kashe wanga inji," in ji shi.

Na ce, "Don mi? Ba ka ga ana hira da manya ba?"

"Boris ɗinshi ya kusa tahiya. Ba ka jin shina kuka daga ciki?"

Ni dai ban ji komai ba sai ƙarar inji. Yasir ya ce a buɗe a gani. Aka buɗe, sai ga boris, wato zoben ƙarfen nan da ke juyawa a cikin inji, ya cinye har ya yi gari. Yasir ya dubi boris, ya ɗaga kai ya dubi Gajere, daga nan ya manta da ni da albasata. Har yau hirata ba ta fita ba, kuma ina sane.

Da ƙyar ya yarda ya shiga shirin. Ya ce shi ba mai surutu ba ne, kuma mutum ya zauna yana yabon kansa a bainar jama'a abin kunya ne. Yasir ya ce ba wanda ya ce ya yabi kansa, abin da ya sani kawai zai faɗa, mutane su ji da kunnensu su yanke hukunci. Humaira ta wanke masa farar shadda ta goge, duk da an gaya mata ba hoto ake ɗauka ba.

Ranar Asabar da hantsi muka zauna a zauren Yasir, waya a kan kujera, ƙaramin makirfo a maƙale a wuyan rigar Gajere. Yasir ya yi masa maraba. Shi ke nan, mutumin da ya ce ba ya surutu ya buɗe gaisuwa. Ya gai da Yasir, ya tambayi gida da iyali da gajiya da zafi. Ya gai da mutanen Bakura, ya tsallaka Maradun, ya shiga Faru, ya dawo Mafara unguwa-unguwa. Ya gai da malamai, ya gai da ogansa na Kaduna, ya yi wa mamata addu'a. Na duba agogo, minti tara. Yasir yana ta murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a masallaci.

Amma da aka zo kan aiki, wallahi sai da na sara masa. Yasir ya sa manoma sun turo masa ƙarar injunansu ta saƙon murya. Ya kunna na farko. Gajere ya rufe ido ya ce fulogi ne ya yi datti, a wanke, kada a bari wani ya ce sai an sauke inji. Na biyu ya ce injin lafiyarsa lau, tiyon da ke cikin ruwa ne ya tsage yana shan iska. Na uku ya saurara, ya ce a maimaita, sannan ya buɗe ido.

"Malam Yasir, wanga ai ba injin ban ruwa ba ne. Injin niƙa ne, kuma masara shika niƙa."

Yasir ya yi dariya har ya buge wayar. Gwada shi ya yi, a bayan gidansu ya ɗauko ƙarar. Da za a rufe ya tambaye shi inda za a same shi. Gajere ya gyara zama, ya dube ni da gefen ido, ya ce, "Malam Muttaka, Talata Mafara. Kowa ya san ni." Ko lambar waya bai bayar ba, wai kada a ce talla ya zo.

Hirar ta yi yawo. Na ji ta a wurin mai shayi a Bakura, na ji ta a wayar wani ɗan acaba a hanyar Maradun, masu injunan nan biyu ma suka turo saƙo cewa abin da ya faɗa haka yake. Muka zauna jiran jama'a. Talata ta zo ta wuce, kasuwa ta ci ta watse, ba kowa. Ta biyu haka. Ta uku wani ya kawo fanka.

"Ka gani?" in ji Gajere. "An ji daɗin hira, an tahi." Ya fara nannaɗe sifanu da sauran kayan aikinsa a tsumma, ya ce ran Lahadi zai kama hanya.

Washegari da rana na je gai da Inno, na same ta a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Na ce bari dai in kunna mata ta ji ɗanta, ko ta samu abin tunawa. Ta saurari gaisuwar nan duka tana gyaɗa kai, ta ce ya manta mutanen Birnin Tudu. Ta ji na injin niƙa ta yi dariya, karon farko a wata guda. Da hirar ta ƙare sai ta ɗago kai ta dube ni.

"Muryar tashi ce," ta ce. "To amma yaushe za shi hwaɗi sunanshi?"

Na ce, "Gwaggo, ai ya faɗa."

"A'a. Wancan sunan tsohon gidan nan ne, Allah ya jiƙan shi. Wa ka kiran yaron nan da shi?"

Nan take na gano inda jama'a suke tafiya. Duk Mafara in ka ce Malam Muttaka, mutum ɗaya za a nuna maka, dattijon nan mai makarantar allo a bayan masallacin unguwar su Gajere. Na tashi ko sallama ban yi daidai ba, na je rumfa na ce wa Gajere ya hau babur. Yana tambaya ina, na ce ya hau dai, tsawonsa ba zai hana shi jin magana ba.

Muna shan kwana sai ga babura biyu a ƙofar zauren Malam, kowanne da inji ɗaure a baya. Masu su suna zaune a tabarma fuska ba walwala, Malam yana tsakiya da carbi, yana ba su haƙuri. Bayan mun gaisa na tambaye shi lafiya.

"Lahiya ke nan, Inuwa? Sati uku ke nan ana kawo min injuna. Na farko na ɗauka addu'a shika so, na yi mishi, har na tofa wa injin. Sai ya tada shi ya ce in saurara in hwaɗi ciwon. Na ce bawan Allah, ni ban karanci harshen inji ba. Sun fi sha biyar, wasu daga Maradun. Wani har cewa ya yi na canza murya."

Na nuna masa Gajere na ce ga wanda suke nema. Malam ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa.

"Gajere? Ashe kai ma Muttaka ne? Ni da na koya maka Fatiha ban sani ba."

Na yi dariya har na kwanta a tabarmar Malam. Gajere ya naɗe hannun riga ya sa aka kwance injunan. Kafin la'asar duka biyun suna aiki a ƙofar makaranta, masu su suna ta sa albarka. Sai dai ɗaya daga cikinsu ya gaya mana cewa waɗanda suka koma ba biyan buƙata suna yaɗawa a ƙauyuka cewa mutumin fodkas ɗin nan babu shi, shiri ne kawai.

Ba wata hanya sai ya koma shirin, kuma Yasir ya ce ya zo ran Asabar, ana gobe tafiyarsa. A hanya na ce masa ya san abin da zai faɗa. Ya ce ya sani, in rufe masa baki. Wannan karon gaisuwar minti sha ɗaya ta ci, don ya sa Birnin Tudu, kuma na lura jan ta yake yi don kada a iso inda za a iso. Ya ba Malam haƙuri, ya ba waɗanda suka sha hanya haƙuri. Yasir ya ce to, ina za a same ka? Ya gyara makirfon da ke wuyan rigarsa. Ya share zufa.

"Sunana Muttaka," ya ce. "Amma in kun zo Mafara, ku shiga kasuwa bayan masu albasa, ku tambayi Gajere."

In ka saurari hirar da kyau za ka ji wani yana tari a baya. Ni ne, dariya nake haɗiyewa. Ya ba da lambar waya sau biyu, ya kuma ɗaga tafiya zuwa bayan Talata, wai don kada a ce ya gudu.

Talatar nan ina rumfar tun da safe. Mutum uku suka zo kafin hantsi. Sai ga wata a-kori-kura ta tsaya da injuna biyar a baya, wata dattijuwa ta sauko, Hajiya Suwaiba, shugabar ƙungiyar mata masu noman shinkafa a Faru. Ta iso ta tarar da shi tsaye, kansa yana taɓa rufin rumfa. Ta leƙa bayansa, ta leƙa ƙarƙashin tebur.

"Yaro, ina maigidanka? Gajere nika nema."

Ya ce shi ne. Ta dube shi daga ƙasa har sama ta ce ita ba ta zo wasa ba, an riga an yaudari mutanenta sau ɗaya. Har ta juya za ta kira direba. Shi kuwa, da yake ba ya iya barin baƙo ya tafi ba gaisuwa, sai ya rusuna ya ce, "Hajiya, an zo lahiya? Ina gajiya? Ya mutanen Faru, ya hanya, ya zafi, ya aka baro yara..."

Ta tsaya cak. Ta bar shi ya kai wajen tambayar lafiyar shanu, sannan ta ɗaga wa direba hannu.

"Sauke su. Shi ne. Ba mai gaisuwa haka sai shi."

Yanzu duk wata yana shiga shirin Yasir, wasu masu fodkas daga Sakkwato ma sun kira shi sau biyu, kuma ran Talata sai ka bi layi. Ya kafa allo, da hannunsa ya rubuta GAJERE da manyan baƙaƙe, ya maƙala Muttaka a ƙasa ƙanana. Na ce ya kamata a sa sunana a gefe tunda ni na ƙirƙiro, ya ce in kawo injina in gani ko zai taɓa shi.

Ran Lahadin da ta biyo bayan zuwan Hajiya Suwaiba na koma gai da Inno. Ba ta ce komai a kan Kaduna ba, shi ma bai ce ba. Ta dai kira Humaira ta ce ta miƙo mata jakar tafiyar nan, tunda jakar ba ta da sauran aiki. Ta buɗe ta a gabana, ta juye gyaɗarta a ciki, ta ja zif, ta tura ƙarƙashin gadonta. Sannan ta ce a zubo mata tuwo, kuma a cika kwanon.