Injin Jirgin Baba Ya Ƙi Mutuwa

Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗoriya yana gadin janareta a wani kamfanin ƙanƙara da ke ajiye kifi. Gadi na ce, don abin da aikin ya zama ke nan, ko da yake makaniki aka ɗauke shi, abokan aikinsa kuma Injiniya suke ce masa. Wurin zamansa wani ɗan akurki ne a bayan ɗakunan sanyi, benci ɗaya, durom na baƙin mai, sai injuna biyu masu rurin da sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji. Wutar gari na ɗaukewa shi zai tayar da su, kuma ba a yarda su yi ko tari ba. Inji ya mutu, kifin mutane ya narke ya yi wari, kowa ya san wuyan wanda za a kama. Haka muka taso da uba mai magana da ƙarfi, wanda ko fankar ɗaki ta canza murya sai ya ajiye cokali ya kasa kunne.

Da ya yi ritaya mun ɗauka za mu huta. Ina! Ya kwance keken ɗinkin Mama da babu abin da ya same shi, ya kwance injin markaɗe, ya fara zagaya firiji yana kallonsa ta gefen ido. Allah ya taimake mu wani maƙwabci da zai tashi ya sayar masa da ƙaramin jirgin sama, irin wanda ake tuƙawa daga ƙasa da rimot. Fukafukansa sun kai tsawon hannuwan mutum in ya ware su, jikinsa katako ne mara nauyi da aka lulluɓe da leda rawaya, injinsa kuma bai wuce dunƙulen hannu ba. Amma inji ne na gaske, da filogi da kafireta da salansar hayaƙi, yana shan mai, yana kuka kamar zai tsaga kunne.

Akwai wasu dattawa da ke haɗuwa kowace Asabar a wani tsohon filin ƙwallo a bayan gari, kowa da jirginsa da kujerarsa ta roba. Shugabansu tsohon direban bas ne, suna ce masa Kyaftin, ko da yake ƙafarsa ba ta taɓa taka matakalar jirgi ba. Can Baba ya samu wurin zuwa. Gwiwoyinsa sun hana shi tuƙin mota, don haka kai shi ya faɗo a kaina. Ni ce babbar 'yarsa, ina aiki a kantin magani, a tsaye nake wuni, Asabar ce kaɗai ranar da zan miƙe ƙafa. Ƙannena maza kuwa sun iya bugo waya su ce Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Sai in kwantar da kujerar baya, in cusa fukafuki, in zauna a rana ina kallon tsofaffi sun ɗaga kai sama baki buɗe, in dawo gida mota na ƙarnin mai.

Jirgin Baba yana da hali ɗaya: injinsa ba ya mutuwa. Na kowa, in ya sauka, sai mai shi ya ja sandar maƙura ta rimot, wadda ke rage wa inji wuta, har ƙasa, ya danna wani ɗan maɓalli, inji ya yi shiru. Na Baba sai ya ci gaba da kiti-kiti, farfela na juyawa, har sai ya tako ya matse tiyon mai da yatsu. Shi abin alfahari ne ma a wurinsa. Yakan dubi na kusa da shi, yana yabon yadda injin ke juyawa a hankali, ya ce, "Ka ji silo? Ko gezau."

Wata Asabar jirgin ya sauka lafiya, amma iska ta juya hancinsa zuwa inda mutane ke zaune. Yana ta gangarowa a hankali, inji na aiki, Baba na binsa da gwiwoyin da ba su san sauri ba. Dattawa suka watse, kujeru suka zube. Farfela ta daki filas ɗin shayin wani, ta kama ƙafar wandon Kyaftin ta yi mata filla-filla kafin ta tsaya. Ƙaurinsa ya sha da ƙyar, da ɗan ƙwarzane.

Kyaftin bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce, "Injiniya, wallahi ina ganin girmanka. Amma yau wando ne, gobe idon wani ne. Asabar mai zuwa ka ajiye shi a gabanmu, ka kashe shi daga rimot. In bai mutu ba, kujerarka na nan, ka zo mu yi hira, amma jirgin nan ba zai sake tashi a filin nan ba."

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Ni kuwa ba zan ɓoye ba, wani sashe na zuciyata murna yake, yana hango mini barcin safiyar Asabar. Amma na san mahaifina. Ba zai je ya zauna hannu rabbana yana kallon jiragen wasu ba. In aka hana jirgin, falo zai koma, ya tasa talabijin a gaba har ya ƙare.

Makon nan teburin cin abinci ya zama gareji. Baba ya ce inji in ya ƙi mutuwa bayan an rufe masa maƙura, to ta wani wuri yake satar iska. Ya cire kafireta, ya tarar zoben robar da ke gindinta ya bushe, ya aike ni neman sabo. Na zaga shagunan masu gyaran famfo da masu gyaran agogo da ɗan zobe a tafin hannu kamar mai neman maganin ƙarfe. Da na samo ya sa, ya fita tsakar gida ya ɗaure jelar jirgi a turken igiyar shanya, ya tayar. Ya ja sanda, ya danna maɓalli. Kiti-kiti-kiti.

Ya kwance murfin bayan inji, ya yanka sabon fakin na toshe iska da kwalin magani na kantinmu. Ya canza tiyo. Ya daidaita 'yar wayar ƙarfen da ke jan maƙura, ya rage mata tsawo, ya ƙara, ya sake ragewa. Kowane gwaji sai unguwa ta sani. Matar maƙwabci ta leƙo ta katanga ta ce jaririnta bai runtsa ba. Kayan shanyar Mama suka yi ɗigo-ɗigon mai.

Mama ta ce, "Malam, don girman Allah ka jefa masa tsumma ya yi shiru."

Ya ce, "A jefa wa farfela tsumma? So kike ya fasa mini inji?"

"To ya fasa mana. Kaina ya riga shi fashewa."

Ranar Juma'a da yamma na dawo daga aiki a gajiye tiɓis, ƙafafuna sun kumbura, na tarar da shi zaune a kan bokiti a kife, ya zabga tagumi. Ya rame a 'yan kwanakin nan, farcensa duk baƙi. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma bai sake ni ba. Ya ce, "Zo ki riƙe mini rimot, uwata. Ni zan sa ido a kan kafireta."

Ya sake harhaɗa komai a gabana, ya tayar. Ya yi mini alama in ja sanda ƙasa. Na ja a hankali. Kukan inji ya sauka, ya sauka, ya fara sarƙewa, farfela ta soma bayyana ɗaya-ɗaya. Sai na ga hannun Baba ya zabura. Wani ɗan sukundireba ya fito daga aljihun rigarsa, ya taɓa wani ɗan noti a gefen kafireta, ya murɗa shi ciki kaɗan, ya koma aljihu. Inji ya farfaɗo, ya daidaita. Baba ya gyaɗa kai, ya ce, "To danna maɓallin."

Na danna. Kiti-kiti-kiti. Ya matse tiyo, ya yi tsaki.

Na ce, "Baba, mene ne wancan da ka murɗa?"

"Yaushe?"

"Yanzu-yanzun nan. Da sukundireba."

"Au, notin silo ne. Shi ke tare maƙura kada ta rufe ruf. Na ji zai mutu ne, na tare shi."

"Baba, ba mutuwar muke nema ba?"

Ya buɗe baki zai yi mini faɗa, irin na wanda 'yar kantin magani za ta koya wa inji, sai bakin ya tsaya a buɗe. Ya dubi notin, ya dubi hannunsa. Ashe duk kwancewar da ya yi a makon nan, abin da yake rufewa da shi ke nan, bai ko lissafa shi cikin gyara ba. Rimot na ta ƙoƙarin rufe maƙura, noti na tokare da ita. Sannan ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Tun ina yaron shago aka koya mini, ba a barin inji a inda zai iya mutuwa."

Ya warware notin da kansa, yana yi yana cije leɓe. Muka sake tayarwa, na ja, na danna. Inji ya yi tari sau ɗaya ya ɗauke. Daga kicin Mama ta ce, "Alhamdu lillahi!" Baba dai bai yi murna ba.

Washegari a fili ya ajiye jirgi a gaban dattawa, ya tayar, ya kashe daga rimot. Aka tafa masa. Kyaftin ya ce, "Shi ke nan, Injiniya, bismillah."

Jirgi ya tashi sumul, ya yi zagayensa. Da lokacin sauka ya yi, sai ya sake zagayowa. Ya kuma zagayowa. Ina tsaye kusa da Baba, na ga babban yatsansa a kan sandar maƙura, ya sauko da ita rabi ya ƙame. Ba a sauka sai an rage wuta sosai, shi kuma yanzu ya san babu abin da ke tokare a ƙasan sandar nan.

Kyaftin ya matso. "Rage wuta, Injiniya. Ba zai mutu ba sai ka danna maɓalli."

"Na sani."

"To rage mana!"

Gumi na zuba daga haɓarsa. Haka jirgin ya yi ta kewaya fili har mai ya ƙare, inji ya ɗauke a sama. Baba ya ce, "Innalillahi." Kyaftin ya dafa kafaɗarsa yana cewa, "Sunkuyar da hanci kaɗan. Haka. Bar shi ya zo da kansa." Jirgin ya zo, babu ƙara sai shuuu ta iska, ya wuce gabanmu ya dira a ciyawa, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe. Ni na je na ɗauko shi.

Kyaftin ya ce kowa ya taɓa yin irin wannan sauka, Baba ya zo Asabar mai zuwa su gwada tare. Baba ya gyaɗa kai kawai.

Na loda fukafuki, na tayar da mota. Mun hau titi ke nan ya laluba aljihu, ya zaro ɗan sukundireban nan ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Sa wannan a jakarki. Ko na roƙe ki kada ki ba ni."

Na karɓa na jefa a jaka, na ja zif. Idona ya cika, na ce rana ce. Muka ci gaba da tafiya, jirgi na ƙwanƙwasa gilashin baya a kowane rami. Ba mu kai kwanar gidanmu ba ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"Uwata," ya ce, "ko rabin murɗi ne fa. Ba zai hana shi mutuwa ba."

Na ce, "A'a, Baba," na mayar da jakar ɗaya gefen.