Ƙofar da Sailuba Ta Toshe

Sailuba ta ƙarar da ƙuruciyarta a gidajen haya. Girki take yi a wata makarantar kwana a Samaru, tun tana sauke tukunya ita kaɗai har ta kai sai an kama mata. Miji ya rasu, 'ya'ya sun watse neman na kansu, ita kuwa tana nan: bayi ɗaya da jama'ar gida, igiyar shanya ɗaya, kuma kullum sai wata ta ɗaga mata labule ba sallama tana neman gishiri. Ba ta da dogon buri. Ƙofa take so, wadda in ta rufe ta rufu.

Da ta ajiye aiki aka ba ta haƙƙinta, sai ta sayi sashe a wani tsohon gida a Ƙofar Kuyambana. Gidan gado ne aka raba, wani magaji mai suna Aƙilu ya sayar da rabonsa ya koma Kaduna. Ɗaki biyu na ƙasa, rufin soro, ɗan tsakar gida, da sauran zanen maginan da a saman bango. Aƙilu ya ce, "Hajiya, shara kawai za ki yi ki tare."

Shara! Ranar da magini Malam Sadiƙu ya hau soron, ƙafarsa ta zurma har gwiwa. Gara ta gama da azara tun tuni. Motar yashi ba ta shiga lungun, sai a juye a bakin titi a yi ta jido da baro. In leburori sun iso zaure kuma sai su tsaya da kaya a ka, har matan sauran sassan su gama kintsawa a ce su shigo. Shi Sadiƙu bai da magana sai "Gobe in Allah ya yarda." Da goben ta yi yawa, Sailuba ta ci ɗamara ta dinga ɗaukar bulo da kanta.

Duk wannan ta haɗiye. Abin da ya tsaya mata a wuya wata 'yar ƙofa ce a bangon gabas, ba ƙyaure, sai an sunkuya ake wucewa. Aƙilu bai taɓa ambatonta ba. Ashe ta nan matan gidajen da ke jere suke ratsawa daga gida zuwa gida, zuwa rijiya, barka, gaisuwar mutuwa, ba sai sun ɗau mayafi sun fita titi ba. Ranar da aka yi daɓen siminti, mata uku suka taka shi ɗanye suna "Sannu da aiki," ta ƙarshen da akuya a bayanta.

"Malam Sadiƙu, toshe min wannan."

"Hajiya, ƙofar nan ta girmi ubana."

"To ta yi aiki, ta huta."

Ya ce gobe. Ita kuwa ta kwaɓa siminti ta jera bulo da hannunta. Mata suka kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce wurinta ne, ta saya. Suka daina gaishe ta. Ko a jikinta. Ta tare, ta rufe ƙofa, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Da hantsi sai ta ji ƙwas, ƙwas a sabon bango. Iya Batul ce da sandarta, tsohuwar gidan da ke bayan katangar, ido ya tafi, tunani ma ya fara bin sa. Tun tana amarya take bin ƙofar nan, yanzu kuma kullum sai ta je gaida ƙanwarta da ke kwance ba ta tashi, a sashen da ke gaba da na Sailuba.

"Wa ya ɗauke ƙofa?"

"Iya, an toshe! Sai ki zagaya!"

"Wa ya toshe?"

"Ni!"

"Ke wa?"

Sandar ta ci gaba da bugu. 'Yan gidansu sun gaya mata sun gaji, kowace safiya mantawa take yi. Sailuba ta toshe kunne ta kasa. Ta yafa mayafi tana tsaki, ta fita ta zagaya, ta kamo hannun tsohuwa, suka biyo lungu tsakanin kwata da Keke Napep, suka shiga ta zaure. Washegari ma haka. Jibi ma haka. Matar da ta sayi wuri don kada a dame ta, ga ta ta zama 'yar jagora, safe kai, azahar ɗauko.

"'Yar nan, Allah ya yi miki albarka," in ji Iya a hanya. "Ke ba irin azzalumar nan da ta toshe ƙofa ba ce. An ce wata 'yar Samaru ce, fuska kamar an aiko mata da mutuwa."

"Ɗaga ƙafa, Iya, ga rami."

Da damina ta sauka lungun ya koma taɓo. Wata safiya santsi ya kwashi Iya, da ƙyar Sailuba ta taro ta a bakin kwata, su biyu suka zube. Ta kai ta, ta dawo da zani jage-jage. Taɓarya ta ɗauka ta rushe bulon da ta jera. Ta kira mai walda ya kafa ƙyauren ƙarfe, makulli biyu: ɗaya nata, ɗaya ta ɗaure wa Iya a bakin zani.

"Naki ne ke kaɗai, Iya. Kin ji?"

"Na ji, 'yar nan."

Kafin damina ta ɗauke, an kai makullin Iya kasuwa an yanko wa kowane gida nasa.

Har yau Sailuba tana kulle ƙofar nan duk lokacin da aka wuce, ta murɗa makulli da ƙarfi yadda za a ji. Ba a jimawa wani makullin zai juya daga waje. In tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗaga kai.

"A yi sallama dai, ba kasuwa ba ce! Ke mai akuya, koma ki ɗaure ta. Iya, sunkuya, kada ki buge kai."