Attahir da Allon Kamfanin Fata

Duk wanda ya zauna Tawa bayan farin da ya kashe dabbobi, lokacin da soja sunka karɓi ƙasa, ya san Attahir Dirakta. Dogo ne siriri, rawani har karan hanci, kullum shina zaune ƙofar wani sito bayan kasuwar dabbobi da butar shayi gabanshi. Ko baƙi ɗaya bai sani ba, amma sunanshi na rubuce a allon kamfani.

Makiyayi ne daga arewacin Affala. Fari ya cinye mishi shanu ɗaya bayan ɗaya, ya shigo gari da matarshi Kadidiya da jaki da tabarma. A shekarun nan ba abin da ya kai fata yawa ƙasar Adar, tunda masu fatar sun mutu. Warinta ne ya jawo wani Bature ɗan Italiya, Marko, mai son buɗe kamfani ya riƙa saye shina aikawa garinsu a yi takalma.

Marko ya sha zaryar buro, ofishin gwamnati, har dugadugai sunka tsage. Anka ce ya kawo izini daga Yamai, ya kawo. Anka ce ya biya patanti, harajin kasuwanci, ya biya. Daga baya anka ce mishi baƙo ba ya tsayawa shi kaɗai, sai ya sa ɗan ƙasa gaba, wanda za a kira in magana ta tashi. Manyan ƴan kasuwa sunka yi ta kai mishi gaisuwa, shi ko wayonsu ya ba shi tsoro. Sai ya duba cikin masu shanyar fata, ya ga Attahir na shafa fatar saniya kamar zai tashe ta daga barci. Ya ce wanga nika so.

Tafinta ya yi ta bayani, Attahir na kallon bakinshi. Can ya ce, "Wato kiwo ne? Abin nashi, riƙo nawa?"

Tafinta ya gaji. "I, kiwo ne. Dangwala."

Ya dangwala yatsa, ya zama Dirakta.

Ɗanladi tela, mai rumfa jikin siton, ya samu abin yi. Kowace safiya sai ya leƙo. "Ranka ya daɗe Dirakta, ina mota? Ko jakin ne anka kai garaji?"

"Jakina na zuwa inda anka aike shi, Bahaushe. Kai tun safe kake taka keke, ko rumfa ba ka bari ba."

Aiki ya tafi. Ana saye, ana barbaɗa gishiri, manyan motoci na kwasa. Amma Attahir bai taɓa ɗaure fata bai duba lambar wuta a cinyarta ba. "Wagga ta mutanen Tebaram ce," haka zai ce a hankali. "Mun sha rijiya guda." Sai ya yi ta shafa ta, har shayin ya huce.

Wata shekara Marko ya miƙa mishi makullai, ya ce zai je Yamai sabunta izini, kafin ruwa ya sauka ya dawo. Ruwa ya sauka, ya ɗauke, ba Marko. Wasu sunka ce izinin anka hana shi, wasu sunka ce ciwo ya kai shi gida. Attahir dai kullum ya buɗe, ya share, ya kakkaɓe sauran fatun saboda ƙwari.

Ana haka damina ta yi albarka. Wanshi Rissa ya aiko cewa tafkuna sun cika, kuma ya ware mishi karsana biyu, ya zo ya sake kafa garke.

Kadidiya ta ɗaure kayanta. "Maigida, ciyawa ta kai gwiwar raƙumi, kai kana nan kana gadin gara?"

"Wanda anka ba kiwo ba ya barin dabba cikin daji."

"Dabba? Ɗaki ne da wari!"

Ta bi ayarin danginta. Shi ya tsaya. In hadari ya haɗo daga arewa sai ya sassauta rawani ya shaƙi iska. Ɗanladi ya sha jin shi shina shara shina kiran shanunshi da sunansu, waɗanda ƙasusuwansu sunka daɗe da yin fari.

"Dirakta, jefa makullan rijiya ka tahi mana. Wa za ya kama ka?"

"In ya dawo in ce mishi mi?"

Ɗanladi ya koma rumfa ya ci gaba da taka kekenshi.

Rannan wani ɗan buro ya zo bisa babur, ya ce tunda ba a sabunta izini ba, an shafe sunan kamfani, a rufe. Attahir ya miƙe tsaye.

"Kamfanin ya mutu ke nan?"

"Ya mutu, baba."

"Ajalinshi ne, ko sakacina?"

Yaron ya yi dariya. "Ba ruwanka ciki."

To, ga makiyaya, in dabbar amana ta mutu hannunka, kunnenta mai shaidar mai ita kake yankewa, ka shanya, ka aje. Ran da ya zo ka nuna mishi, ka fita zargi. Attahir ya zagaya siton shina neman inda shaidar Marko take. Sai ya ɗaga kai, ya ga allon kamfani, sunan Marko bisa nashi.

"Ɗanladi, ara mini guduma."

Ya hau bisa teburin tela ya ɓamɓare allon, ya naɗe shi cikin fata, ya ɗaura ma jaki. Ɗanladi na riƙe da igiya shina cewa, "To, yau dai motar Dirakta ta samu lodi."

Masu zuwa kasuwar Affala sun ce karsanan sun hayayyafa, Kadidiya ta yi ƙiba. Allon na rataye cikin bukka, inda ruwa ba ya taɓawa. In ƙurar mota ta tashi daga kudu, Attahir kan sauko da shi ya goge, ya ɗora shayi, ya tsaya bakin hanya har motar ta wuce.

Ɗanladi kuwa har yau in ya buɗe rumfa sai ya leƙa ƙofar siton, baki buɗe, kafin ya tuna.